Goyon Aro a Rumfar Masu Jinya

Jama'a, a saurara. Kafin in gaida kowa, kafin ma in gyara murya, kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin wata sanarwa da ya ce ba ta jira. Kazar da matan rumfar masu jinya suka haɗa hannu suka sayo domin a danƙa wa wadda muke yi wa ban kwana, ta kwance igiyar ƙafarta tun ana jera kujeru, ta kama gabanta. Shaidu biyu masu mutunci sun tabbatar da cewa ganin ƙarshe da aka yi mata, tana shiga ɗakin awon ciki ne, kuma ba ta bi layi ba. Ja ce, tana ɗan ɗingishi, ba ta amsa kira. Wanda ya gan ta ya miƙa ta ga mai gadi. Wanda kuma ya riga ya gan ta a tukunya, to ya sani Allah na ganinsa. Ƙarshen sanarwa ke nan.

Mai girma shugaban taro. Mai girma Kwamishinan gunduma, wanda ya iso kafin a gama addu'ar buɗewa, abin da za mu daɗe muna ba jikokinmu labari. Iyayenmu sarakunan ƙasa. Babban likita da Mataron, shugabar nas-nas, da dukan ma'aikatan wannan asibiti. Shehe da Fasto, waɗanda aka zaunar a benci ɗaya don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido. Matan rumfar masu jinya da na hango can baya, muciya a hannu saboda wake na kan wuta. Masu keken haya da suka jingina da shinge suna jiran a tashi. Iyaye mata, iyaye maza, 'yan'uwa. Sannan ke da muka taru dominki, Mayi Chilimba, jami'ar sauraron koke-koken jama'a ta wannan asibiti, wadda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa arewa: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar girma da ban girma.

Ina godiya ga waɗanda suka share wannan fili, da waɗanda suka aro mana kujeru, da waɗanda suka baro gona a tsakiyar noma suka zo. Ina godiya ga kwamitin da ya zaɓe ni in yi magana a madadin gari. Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma wakilin jama'a a kwamitin ba asibiti shawara, saboda haka doguwar magana sana'ata ce ta fuska biyu. An roƙe ni in taƙaita. Na yi alkawari, irin alkawarin da ake yi mana kowace shekara kan gyaran hanyar bakin tafki.

Abubuwa uku ne a bakina, kuma ba tsawonsu ɗaya ba.

Na farko, mene ne wannan ofishi da Mayi ta riƙe? Na karanta cewa a Sweden aka fara shi, shekaru sama da ɗari biyu da suka wuce, lokacin da mutanen can suka lura cewa ma'aikacin gwamnati ma ɗan Adam ne: yana mantuwa, yana kasala, yana son kai, wani lokaci kuma yana tafiya cin abincin rana ya dawo washegari. Sai suka ce a naɗa wani wanda aikinsa kawai shi ne ya saurari talaka in ofishi ya wulaƙanta shi, ya je ya tambayi ofishin dalili, ya faɗi abin da za a gyara, ya kuma dawo ya ga ko an gyara. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku, ba ya korar kowa daga aiki. Kunne ne da shi, da baki, da ƙafa. In an ƙi jin sa a ƙasa, ya kai maganar sama. In sama ta yi shiru, ya faɗa wa duniya.

Da Mayi ta zo, an ba ta ɗan ɗaki kusa da wurin ajiyar tsintsiya, aka kafa mata akwatin koke a bango. Mu kuwa kun san halinmu. Mutuminmu zai yi tafiyar rabin yini da ciwo, a yi masa tsawa a taga, a ce ya dawo gobe, ya haɗa hannu biyu ya ce ya gode. Ya koma gida ya yi wa matarsa ƙorafin har shekara. Abin da aka samu a akwatin a watan farko ɓawon gyaɗa ne. Da wata ce ta ga haka, da sai ta ce mutanen gundumar nan ba su da matsala, ta rubuta wa hedikwata albishir. Ita kuwa sai ta rufe ɗakin, ta ɗaura zani a kan siket ɗinta, ta ɗauki kwanonta, ta tafi cin abincin rana a rumfar masu jinya. Ta san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta san cewa a garin nan ba a kai kuka ofis, a bakin murhu ake yin sa.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu, wanda shi ne mafi tsawo, don haka mai tari ya yi tarinsa yanzu.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a nan ya sani: likita ke ba da magani, amma mai jinya ke riƙe da rai. Ita ke bin layin abinci da kwano, ita ke dama kunu a rumfa, ita ke ba da shi a baki, ita ke wanki, ita ke juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo, ita ke kai shi bayan gida ta dawo da shi. Ma'aikatan jinya ba su da hannun da zai kai ga wannan, ba don mugunta ba, sai don gadaje sun fi hannuwa yawa. Wanda ba shi da mai jinya, to yana da gado ne kawai. A bakin ƙofar kowane ɗaki kuma akwai doka, doka mai kyau, cewa yaro ba ya jinya. To amma akwai gidan da babu babba, kuma doka ba ta ce komai a kan wannan gidan ba.

Damina biyu da suka wuce aka kawo wata tsohuwa a bayan keke daga wani ƙauye na bakin tafki, ɓarin jikinta ya shanye. Wadda ta biyo keken a ƙafa, da tukunya a ka, jikarta ce, 'yar aji shida. Zan kira ta Ndaziona. Ba sunanta ba ne, don Mayi ta kira ni jiya ta ja mini kunne cewa in na ambaci sunan yarinyar a bainar jama'a, to ni ne koke na ƙarshe da za ta saurara kafin ta tafi. Uwar yarinyar ta rasu. Uban ya tafi neman aiki Afirka ta Kudu, ya yi nisan da ko gaisuwa ba ta isowa. Kawunta, wanda a al'adarmu shi ne mai 'ya'yan 'yar'uwarsa, yana can hayin tafki yana kamun kifi, babu wanda ya san a wane sansani. Daga ita sai kakarta, wadda take kira Agogo, kamar yadda yaranmu ke kiran kaka.

Matan rumfa suka dubi yarinya, suka dubi doka. A rumfar kuwa magana ta daɗe tana yawo cewa in aka kama yaro yana jinya za a kore shi, in aka kore shi mara lafiyar ba shi da kowa, in ba shi da kowa sai a sallame shi ya je gida ya mutu. Ban ce haka ake yi ba, Mataron, kada ki harare ni. Na ce haka aka yi imani, kuma abin da talaka ya yi imani da shi a kansa yake gina ɗakinsa. Sai shugabar rumfar, Abiti Jafali, ga ta can tana ɓuya a bayan Fasto, wadda ta daɗe tana jinyar mijinta har ta fi wasu ma'aikata sanin lungunan asibitin nan, ta yanke hukunci. Aka ɗaura wa yarinya zani har ƙasa. Aka ɗaura mata ɗankwali irin na matan aure. Duk lokacin da za ta shiga ɗakin mata, ko aka ce ga Mataron tana zagaye, sai a ari jaririn wata a goya mata. Aka daina kiran sunanta, aka koma ce mata Mayi, kamar yadda muke kiran kowace uwa a ƙasar nan.

Dabarar ta yi aiki, kuma wannan ne wurin da ya kamata dariyarmu ta tsaya. Ta yi aiki ne saboda yarinya ƙarama da goyo a baya ba ta tayar wa kowa hankali a ƙasar nan. Mun saba. Mai gadi ya gan ta ya buɗe mata ƙofa, ma'aikata suka gan ta suka wuce, ni ma na gan ta, don kwamitinmu na zagaya rumfar nan lokaci-lokaci, hannu a baya, muna duba magudanar ruwa. Da ba ta da goyo da mun ce doka ta karye. Da muka ga goyo sai muka ce komai daidai.

Haka ta zauna, tun masara na ɗan tsiro har ta yi goyo ita ma. Tana dafa wake a murhun da ya fi ƙarfinta, har kunu ya taɓa zubo mata a hannu, tabon na nan. Akwai wani mai sayar da itace a bakin ƙofa da ya fara ba ta itace kyauta, yana ce mata ta zo gidansa ta ɗebi busasshe. Allah ya sa Abiti Jafali na da ido. An ce ta bi shi da muciya har tashar mota tana cewa, “Zo ni ka ba ni busasshen, ɗan banza! Ni ma ina son na kyauta!” Bai sake dawowa ba. Amma ku tuna, jama'a, muciyar mace ɗaya ce kaɗai ta tsaya tsakanin yarinyar nan da abin da ba na so in faɗa a gaban Shehe. Ranar da aka sallami mijin Abiti Jafali fa?

To, Mayi Chilimba na zuwa tana cin abincinta a rumfa, tana jin ƙorafin ruwan famfo da na mai rabon abinci. Rannan sai ga 'yar ƙaramar Mayi ta wuce da kwanon kunu. Ta kira ta.

“Mayi, sannu da aiki. Ya mai jiki?”

Yarinya ta durƙusa, ido a ƙasa. “Da sauƙi, Mayi.”

“Ya ɗan naki? Kai, wannan yaro yana ba ni mamaki. Wancan makon na gan shi ƙato, har yana da haƙora biyu. Yau ya koma jariri, ga kunne a huje.”

Abiti Jafali ta yi tsalle ta ce, “Ai tagwaye ne!”

Mayi ta ce, “Sannu, Abiti. To na ranar kasuwa fa, mai sanƙo?”

“'Yan uku ne!”

Aka ce har uwar jaririn sai da ta fashe da dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Abiti Jafali ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kanta, ta ce, “Kin ci wakenmu, kin ci kifinmu, ashe leƙen asiri kike yi? To je ki faɗa. In suka kori yarinyar, ke za ki zo ki wanke wa tsohuwar kashi? Da wannan farcen naki?”

Mayi ta ce, “Ba zan iya yin kamar ban gani ba, Abiti. Amma ba wanda zai taɓa gadon tsohuwar nan. Ki riƙe ni a kan wannan.”

“Da me zan riƙe ki? Ke ma ai albashinsu kike ci.”

“Da muciyar. Na ji labarinta.”

Daga nan ta fara abin da ofishinta ya iya, wato tafiya da tambaya. Ta je wurin hukumar asibiti, aka ce yarinyar ba mara lafiya ba ce, don haka ba ta asibiti ba ce. Ta je ofishin walwalar jama'a, aka ce yarinyar na cikin shingen asibiti, su kuwa aikinsu a ƙauyuka yake. Ta hau keken haya ta je makarantar ƙauyensu, hedimasta ya ce yarinyar ta bar zuwa da kanta, kuma ikonsa ya ƙare a bakin filin ƙwallo. Ban kawo wannan don in kunyata kowa ba. Jami'in walwala mutum ɗaya ne ga gunduma guda, da babur ɗaya wanda ya fi shi zama a gida saboda rashin mai. Hedimastan nan yana koyar da aji biyu a ƙarƙashin mangwaro. Mataron kuwa kun ga idonta, ba ta san hutu ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Sai dai in ka haɗa gaskiyar nan uku, abin da za ka samu shi ne yarinya 'yar aji shida a bakin murhu da ɗan wata a bayanta. Kowa ya ja shingensa ya tsaya a ciki, ita kuma ta faɗa a tsakani.

Sai Mayi ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta, ta kira su duka ukun su zauna a ɗaki ɗaya, ta gayyaci kwamitinmu ya zama shaida. Aka fara da abin da muka fi ƙwarewa a kai, wato bayanin cewa ba laifinmu ba ne. Ta bar su har suka gaji. Sannan ta ce, “Ban tambayi laifin wane ne ba. Na tambayi yarinyar ta wane ce.” Jami'in walwala ya duƙufa yana nazarin takalminsa kamar yau ya fara ganin sa.

Nan ne bawanku ya miƙe. Kun san ni, in aka yi shiru a ɗaki sai in ji kamar an kira sunana. Na kawo dokar kare yara, na kawo yarjejeniyar ƙasashen Afirka, na kawo ta duniya. Na ce asibiti ba wurin yaro ba ne, na ce kowane yini da ta ƙara a nan laifi ne a wuyanmu. Na ce akwai gidan marayu na Sistocin coci a gundumar da ke maƙwabtaka da mu, mai gado da gidan sauro da makaranta a ciki, a ɗauke ta yau, ba gobe ba, tsohuwa kuma a san yadda za a yi da ita. Na yi magana mai kyau, jama'a. Har hedimasta ya tafa.

Mayi ta jira na zauna, ta ce, “Malam, ka tambaye ta?”

Na ce, “Wa?”

“Yarinyar.”

Na ce, “Mayi, yarinya ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Ta ce, “Haka ne. Amma ita ce a ƙarƙashin rimin tun farkon damina, mu kuwa yau muka zo. Dokar da ka karanto mana, a cikinta akwai cewa a ji ta bakin yaro. Ko shafin ya yage a naka littafin?”

Ita ta riga ta tambaye ta. Ba a ofis ba, inda yaranmu ke durƙusawa su ce “to” ga duk abin da babba ya faɗa. A bakin famfo ta same ta, suna wanke kwanoni tare, ba goyo, ba ɗankwali. Ga abin da ta kawo mana daga bakin yarinyar, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba: “Ina son makaranta. Har mafarkinta nake yi. Amma in kuka kai ni nesa, Agogo ba za ta ci abinci ba. Bakinta ya karkace, ba kowa ke gane maganarta ba sai ni. In ta ce ruwa, su suna jin kamar tana kuka ne. Ku bar ni in riƙa ganin ta. Girkin ne kawai ya fi ƙarfina.”

A kan wannan Mayi ta gina shawararta. Asibiti ya sanar a fili, da bakin Mataron, a cikin rumfa, cewa ba a sallamar kowa don ba shi da mai jinya. Girki da wanki da ɗaga tsohuwa su fita daga hannun yarinya, matan coci da matan masallaci su karɓa bi da bi. Jami'in walwala ya samo mata gidan kirki a nan cikin gari inda za ta riƙa kwana, ya kuma nemo kawun ko a bakin kada yake. Makarantar firamare ta bayan asibiti ta karɓe ta ba tare da a ce ta koma ƙauye ta kawo wannan ta kawo wancan ba. In an tashi daga makaranta, a bar ta ta shiga wurin kakarta har la'asar, a matsayin jika mai ziyara, da sunanta, da kayan makarantarta.

Na ƙi amincewa. Na ce wannan rabin magani ne. Na ce an fitar da yarinya ta ƙofa an dawo da ita ta taga. Na ce mu da muka san aikin gayya a garin nan, makon farko kowa zai zo da tukunya, mako na uku sai kare. Na nemi a rubuta cewa ban yarda ba, aka rubuta.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne ƙafar Mayi Chilimba. Faɗin shawara kowa ya iya, ni ne shaida. Ita kuwa komawa take yi. Jami'in walwala ya gaya mini da bakinsa cewa ya kai matsayin da in ya ji takun takalminta a baranda sai ya fara laluben makullin babur. Da ya ce babu mai a babur, ta tafi wurin Kwamishina ta zauna a bencin ƙofarsa da saƙarta, tana gaida duk mai wucewa, har aka samo mai. Da aka ce makaranta ta cika, ta ce a nuna mata inda dokar ta ce tabarma na cika. Da matan coci suka fara ja da baya, ba ta yi musu wa'azi ba, sai ta je ta gaya musu cewa matan masallaci ba su taɓa fashi ba. Ta koma ta gaya wa matan masallaci cewa kunun coci ya fi nasu gardi. Shehe, Fasto, ku yafe mata. Tsohuwar nan ba ta taɓa cin abinci irin na wannan lokaci ba tun da aka haife ta.

Ranar da Ndaziona ta fara shiga ɗakin mata da kayan makaranta, an ce tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta motsa karkataccen bakinta ta yi magana. Nas ta ce, “Me take cewa?” Yarinya ta rufe fuska tana dariya, ta ce, “Wai ina na baro jaririn.”

Da Mataron ta yi waccan sanarwa a rumfa, kafin mako ya zagayo sai ga wasu yara sun fito daga ƙarƙashin ɗankwali, har da namiji ɗaya da aka ce wai gajeren mutum ne. Yanzu jami'in walwala na leƙa rumfar kowace ranar kasuwa. An kuma samo kawun, ya zo da kunya da buhun busasshen kifi.

Abu na uku roƙo ne, kuma gajere ne. Ku ma'aikatan gwamnati, na san kun gaji, na san kayan aiki ba su isa ba. Amma in kuka ce “ba namu ba ne,” ku ƙara taku ɗaya, ku kama hannun mutum ku kai shi wurin mai shi. Ku iyayen ƙasa, in gida ya rage daga tsoho sai yaro, ku ne kuka fara sani, kada ku bari sai an gan su a bayan keke. Ku matan rumfa, kun yi ƙarya, amma ƙaryar da tausayi ya haifa ce, kuma ku kaɗai kuka ga yarinyar lokacin da mu masu ido huɗu muka wuce ta. Sai dai yanzu an yi muku ƙofa, a daina haura katanga. Wanda za a turo ya gaji Mayi, ku ba shi wake, ku ba shi labari. Ke kuma Mayi, mutanen arewa ba su san abin da ke tafe musu ba, mu kuwa ba za mu gaya musu ba.

Tsohuwar ba ta warke ba. Likita ya faɗa tun farko cewa da wuya. Bayan an cire masara, wata rana da yamma, Ndaziona ta taso daga makaranta ta zo kamar kullum, ta ba ta ruwa, ta taje mata kai, tana ba ta labarin wata yarinya da aka yi wa bulala a aji. Tsohuwar ta yi magana, ta maimaita. Babu wanda ya gane a ɗakin sai jikarta, ta hau gadon ta rungume ta. Kafin rana ta faɗi ta cika. Har yau yarinyar ba ta gaya wa kowa abin da aka ce mata ba, kuma babu wanda ya isa ya tambaya.

Na je jana'izar a ƙauyensu a madadin kwamiti. Bayan an dawo daga maƙabarta, kawun ya kawo ta ta gaida baƙi. Ta durƙusa a gabana ta ce, “Malam, na gode da kuka bar ni kusa da ita.” Ta ɗauka ina cikin waɗanda suka bar ta. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na ce mata, “Tashi, 'yata.”

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya raya jikarta, ya ba ta ilimi mai amfani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafa hannun masu jinyarsu, ya saka wa ma'aikatan asibitin nan da alheri a kan abin da ake gani da wanda ba a gani. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin wanda muryarsa ba ta kai ofis. Allah ya kai Mayi Chilimba sabon wurinta lafiya, ya kare ta daga sharrin hanya da na masu murmushi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Mayi, rannan na nemi a rubuta cewa ban yarda ba. Da an bi tawa, da yarinyar nan tana wata gunduma a cikin gidan sauro mai kyau, da tsohuwa ta yi maganarta ta ƙarshe babu mai gane ta. Yau ina so a ji a gaban kowa: ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Na gode.